Tsakanin Kibiya da Takobi: Lissafin Nesa da Kusa

Idan kaka ta wuce a ƙasar Bakori, an cire masara, an yanke dawa, an kai auduga kasuwa, sai gonaki su koma fili fetal tun daga Tsiga har Kabomo. A wannan lokaci ne mafarauta kan fita da karnuka da gora da barandami. A cikin taron akan ga ɗaiɗaikun dattawa rataye da kwari da baka, ko da yake bindigar toka ta daɗe da ture wannan makami gefe. Sarautar Sarkin Baka tana nan a garuruwa da yawa na ƙasar Hausa, haka kuma kiɗan komo da ake yi wa maharba bai mutu ba.

Ɗalibin da ya tsaya ya dubi baka da idon basira zai iya yin wata tambaya mai ma'ana. Tun da mai baka yana iya samun abokin gabarsa daga nesa, tun kafin takobi ko mashi su yi amfani, me ya sa sarakunan da suka gabata suka riƙa zuba dukiya wajen sayen dawakai da sulke da lifidi? Me ya hana kibiya ta kori sauran makamai gaba ɗaya? Amsar tana cikin ilmin motsi, da ilmin jikin mutum da na dabba, da kuma ɗan lissafi wanda bai fi ƙarfin ɗan aji huɗu na sakandare ba.

Inda tambayar ta zama matsalar wasa

Abin mamaki, waɗanda wannan tambaya ta fi damu a zamanin nan su ne masu tsara wasannin yaƙi na kan tebur. Asalin irin wannan wasa daga sojojin Furusiya ne, a ƙasar Jamus ta yau, inda a 1824 wani hafsa mai suna Reisswitz ya gabatar da wasan koyar da dabarun yaƙi a kan taswira. Daga wannan tsatso ne Gary Gygax da Dave Arneson suka fito da Dungeons & Dragons a Amurka a 1974. Yadda ake yinsa shi ne mutane huɗu ko biyar su zauna, kowa ya ɗauki matsayin wani jarumi, mutum ɗaya ya zama mai ba da labari kuma alƙali. Duk lokacin da jarumi ya kai sara ko ya yi harbi, sai a jefa ƙwaya irin ta lido, amma mai fuska 20, ita ce za ta nuna ko ya samu ko ya kuskure.

Matsalar mai tsara wasa ita ce: in ya ba baka ƙarfi da yawa, kowa zai zaɓi baka, mai takobi ya zama ɗan kallo, domin kafin ya isa an gama faɗan. In kuma ya rage mata ƙarfi fiye da kima, ba wanda zai ɗauke ta. Saboda haka a bugun 2014 na wannan wasa aka ɗaure doguwar baka da sharuɗɗa. Tana harbi sosai har ƙafa 150, wato kimanin mita 45. Daga nan zuwa ƙafa 600 sai mai harbi ya jefa ƙwaya sau biyu a ɗauki ƙaramar lamba. Haka kuma za a yi masa idan abokin gaba ya matso har ya tsaya a gabansa. Wanda ya raɓe bayan bango ko itace ana ƙara masa kariya, kibau kuma ƙidayayyu ne, rabin waɗanda aka harba kaɗai ake tsintowa bayan faɗa. Jefa ƙwaya sau biyun nan ba ƙaramin horo ba ne: maharbin da ke samu sau 60 cikin 100 zai koma sau 36 kacal. Waɗannan dokoki an tsara su ne don wasa ya yi daɗi, amma kowace ɗaya tana da tushe a zahiri, kuma maharban ƙasar Katsina sun san su a aikace tun kafin a rubuta su.

Abin da baka ke ajiyewa

Baka ba ta ƙirƙirar ƙarfi. Ajiya kawai take yi. Lokacin da maharbi ya ja tsirkiya, tsokokin kafaɗa da na baya suna yin aiki a hankali, itacen baka ya lanƙwashe ya riƙe wannan aiki, sa'an nan ya mayar da shi ga kibiya cikin ƙiftawar ido. Alal misali, a ɗauka baka ce da sai an sa ƙarfin da zai ɗaga kilo 20, wato kimanin niyuton 200, kafin a ja ta santimita 60. Abin da ta ajiye shi ne kimanin rabin ƙarfin ja sau tsawon ja, wato jul 60. Ba duka ne ke shiga kibiya ba, wani yana tafiya wajen motsa itacen da tsirkiyar kansu. In aka ce jul 40 suka shiga kibiya mai nauyin giram 30, za ta tashi da gudun kimanin mita 50 a sakan ɗaya.

Wannan gudu yana da yawa a ido, amma ƙasa tana jan kibiya tun daga lokacin da ta bar tsirkiya. A nisan mita 10, in an harba ta a miƙe, za ta sauka da santimita 20 kawai. A mita 25 ta sauka da fiye da mita ɗaya. A mita 50 kuwa saukar ta kusa mita biyar, ba a ma sa jan iska a lissafi ba. Nisa ya ninka sau biyu, sauka ta ninka sau huɗu. Dole ke nan maharbi ya ɗaga hannu sama, ya kuma ƙiyasta nisa daidai, alhali idanun mutum biyu sun fi iya auna tazarar abin da ke kusa. Ga kuma rawar hannu: kuskuren digiri ɗaya tak yana kautar da kibiya santimita 17 a mita 10, amma a mita 50 ya zama santimita 87, wato ta wuce mutum gaba ɗaya. Kibiyar ƙasar Hausa, wadda ake yi da kyauro a sa mata tsinin ƙarfe mai kunnuwa, galibi ba ta da gashin tsuntsu a gindi. Nauyin ƙarfen da ke gaba shi ke daidaita ta, kuma wannan ya ishe ta a kusa, amma a nesa tana saurin karkacewa.

Wani zai ce, to a yi baka mai tauri mana. An yi. A cikin jirgin ruwan yaƙi na Ingila mai suna Mary Rose, wanda ya nutse a 1545 aka ɗago shi a 1982, an sami bakuna da aka ƙiyasta jansu ya kai kilo 45 zuwa 80. An kuma sami ƙasusuwan mutane waɗanda kafaɗunsu suka nuna alamar wahalar da ake dangantawa da jan irin wannan baka tun ƙuruciya. Tsoka tana da iyaka, tana kuma gajiya. Duk ƙarin da aka yi wa baka, a jikin maharbi ake biya.

Barewa ta riga jin ƙara

Akwai wani lissafi da ya shafi dabba. Ƙara tana tafiyar kimanin mita 340 a sakan, kusan sau bakwai na gudun kibiyar da aka yi misali da ita. Idan barewa ko gada tana nisan mita 25, ƙarar tsirkiya za ta kai kunnenta cikin ƙasa da kashi ɗaya bisa goma na sakan, ita kuwa kibiya sai bayan rabin sakan. Wannan ɗan rata ya ishi dabba mai tsoro ta zabura ta bar wurin. Dalili ke nan da ya sa gwanintar maharbi ba a tsawon harbi take ba, a iya sanɗa take. Yana bin iska ta yadda ba za ta kai warinsa ba, wani kuma ya ɗaura kan burtu a goshi, ya duƙa yana tafiya yana kaɗa shi kamar tsuntsun yana kiwo, har ya matso inda dabba ba ta da lokacin kaucewa. Makamin nesa ne, amma sai an je kusa yake ci.

Kwankwani da zuciya

Tun da kibiyar kyauro ba ta da nauyin da za ta kayar da babbar dabba ko doki da ƙarfinta kaɗai, sai aka nemi taimakon tsiro. Kashin bayan dafin kibiya a ƙasar Hausa shi ne kwankwani, wanda masana tsirrai ke kira Strophanthus. Likitan nan J. M. Dalziel ya rubuta sunansa cikin littafinsa na sunayen tsirrai da Hausa na 1916. Tsiro ne mai hawa bishiya, furensa yana da jela dogaye murɗaɗɗu, 'ya'yansa kuma kan fito biyu biyu kamar ƙahon sa, da iri mai gashi a ciki. A cikin irin ne gubar ta fi taruwa.

Yadda Turawa suka gane aikinsa ya zo ne bisa haɗari. A tafiyar David Livingstone ta kogin Zambezi, tsakanin 1858 da 1864, likitan ayarin, John Kirk, ya ajiye magogin haƙoransa a aljihun da ya sa samfurin dafin kibiya. Da ya goge baki sai ya ji ɗaci, daga baya ya lura bugun zuciyarsa ya ragu. Thomas Fraser na Jami'ar Edinburgh ya bi diddigin abin, ya tace sinadarin da aka sa wa suna sitrofantin, ya gabatar da shi a 1885 a matsayin maganin raunin zuciya.

Bayanin yadda yake aiki sai da ya jira 1957, lokacin da Jens Skou na ƙasar Denmark ya gano wani ɗan famfo da ke jikin fatar ƙwayoyin halitta, binciken da ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 1997. Wannan famfo yana fitar da sodiyam uku daga cikin ƙwaya, ya shigo da fotashiyam biyu, ba dare ba rana. Gubar kwankwani tana toshe shi. Da zarar ya tsaya sai sodiyam ya taru a cikin ƙwayar tsokar zuciya, tarin sodiyam kuma ya hana fitar kalsiyam, shi kuwa kalsiyam shi ne ke sa tsoka ta matse. In abin kaɗan ne, zuciya mai rauni sai ta ƙara ƙarfin bugu, wannan shi ne magani. In ya yi yawa, bugun ya rikice, zuciya ta ƙulle ta tsaya. Tazarar da ke tsakanin magani da kisa a nan siririya ce ƙwarai, shi ya sa tsiron ba abin da ɗalibi zai taɓa da sunan gwaji ba ne. Sinadarin ba ya ratsa hanji sosai kamar yadda yake shiga jini ta rauni, maharba kuma sukan yanke naman da ke kewaye da inda kibiya ta shiga su yar. Wannan ne ya sa ake cin naman da aka kashe da dafi.

Amma dafi yana da aibi ɗaya a fagen fama: sai jini ya ɗauke shi ya kai zuciya, wannan kuwa aikin mintoci ne. Maharbi a daji yana iya bin sawu har dabba ta faɗi. Ɗan baka a yaƙi ba shi da wannan sarari.

Sakan shida

Doki a sukuwa yana cin kimanin mita 11 a sakan. In barde ya taso daga mita 60, cikin sakan shida ya iso. A wannan lokaci ɗan baka zai zaro kibiya daga kwari, ya ɗora, ya ja, ya auna, ya saki. Da wuya ya yi haka fiye da sau biyu. Ko ya sami dokin, dafin bai fara aiki ba tukuna lokacin da mashi zai iso kansa, shi kuma hannayensa biyu suna kan baka, ba garkuwa. Ga kuma lifidi, rigar nan mai kauri da ake cusa wa auduga a ɗinke, a sa wa doki da mahayinsa. Lifidi ba ya fasa kibiya kamar ƙarfe, shanye ƙarfinta yake yi sannu a hankali cikin zaruruwa, har ta tsaya kafin ta kai fata. Dafin da bai taɓa jini ba kuwa ba shi da wani amfani. Audugar da Bakori da Funtuwa suka shahara da nomawa ta taɓa zama kayan yaƙi ke nan. Farashin lifidi shi ne nauyi da zafi: yana rage gudun doki, yana gajiyar da shi, wanda ya faɗo kuma da ƙyar yake tashi.

Malami zai iya mayar da wannan darasin lissafi da ƙwayar lido guda, ba tare da an sa komai a kai ba. A ƙaddara ɗan baka yana samu daga nesa in 6 ta fito, a tsakiya in 5 ko 6, a kusa in 4 ko 5 ko 6. Dakaren da ke tahowa a ƙasa zai fuskanci harbi uku, saboda haka damar isowarsa lafiya ita ce 5/6 sau 4/6 sau 3/6, kimanin 28 cikin 100. Barde harbi biyu kawai zai fuskanta, na nesa da na kusa, damarsa ta zama 42. In ya sa lifidi da ke tare rabin kibau, ta haura 69. To, a jefa shi cikin laka yadda sai ya sha harbi huɗu, ɗaya daga nesa, biyu a tsakiya, ɗaya a kusa: ta sauko 48. In kuma 'yan baka uku suka haɗu a kansa, saura 11. Lambobin na misali ne, amma ɗalibai za su ga da idonsu yadda ƙasa da yawan mutane ke juya sakamako, ba tare da an canja baka ko doki ba.

Tarihi ya yi wannan gwaji da rayukan mutane. A Tabkin Kwatto, ranar 21 ga Yuni 1804, Sarkin Gobir Yunfa ya zo da dawakai masu yawa, har da 'yan lifidi, ya tarar da jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ƙarƙashin Abdullahi ɗan Fodiyo, waɗanda dawakansu ba su wuce kimanin 20 ba, mafi yawansu 'yan baka ne a ƙasa. Sun tsaya a dunƙule, ba su watse ba, kibau suka karya sukuwar Gobirawa. Amma wannan nasara ba ta zama doka ba. A ƙarshen wannan shekara, a Tsuntsuwa, jama'ar ta yi asarar mutane kimanin 2,000. Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808 kuwa, daular Sakkwato da kanta ta koma dogaro da dawakai da lifidi, 'yan baka suka zama masu tare gaba da tsaron ganuwa. A bayan ganuwa ne baka ta fi ƙarfi, domin doki ba ya tsallake bango, sakan shidan nan sai ya zama yini guda.

Sharaɗin ƙarewar kibau ma an taɓa karya shi. A yaƙin Karhe, shekara 53 kafin haihuwar Annabi Isa, sojojin Rum ƙarƙashin Crassus sun jure ruwan kibau na mahayan Farisa suna jiran kwari ya ƙare, sai suka ga raƙuma ɗauke da ƙarin kibau a bayan fage. Mahayan kuma ba su tsaya an cim musu ba, suna harbi suna ja da baya. Duk mai tsara wasan da ya bar ɗan baka ya haɗa gudu da kibau marasa iyaka zai sami irin wannan sakamako a kan teburinsa.

Dokar Lanchester

A 1916 wani injiniya ɗan Ingila, Frederick Lanchester, ya buga lissafin da ya bambanta faɗan kusa da na nesa. A faɗan takobi a ƙuntataccen wuri, kamar ƙofar gari, mutum ɗaya ke fuskantar ɗaya. In 100 suka kara da 50 masu ƙarfi daidai, 50 ne za su saura daga manyan. A faɗan harbi kuwa kowa yana iya auna kowa a lokaci guda, saboda haka ƙarfin runduna yana tafiya da yawanta sau yawanta. A cire 50 sau 50 daga 100 sau 100, saura 7,500, tushensa kuma kusan 87. Wato masu yawa za su gama da abokan gabarsu da asarar mutum 13 kawai. Makamin nesa yana ƙara wa mai rinjaye rinjaye.

Zuwan bindiga mai jigida da bindigogin zamani ya rushe tsohon daidaito a ƙasar Hausa. Kano ta faɗi a Fabrairun 1903, Sakkwato a Maris, domin sukuwa ba ta iya ƙetare filin da harsashi ke sharewa. Duk da haka a Burmi, ranar 27 ga Yuli 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya rasu, kibiya mai dafi ce ta kashe kwamandan Turawa, Manjo Marsh, da faɗa ya kai bakin ganuwa. A Satiru kuma, cikin Fabrairun 1906, talakawa masu gatura da fartanya sun auka wa sojoji kafin su gama jeruwa su kafa babbar bindigarsu, suka kashe Turawa uku da sojoji fiye da 20. Wata guda bayan haka aka dawo da shiri, aka shafe garin.

Wannan lissafi bai zama tarihi ba a kudancin Katsina. A shekarun matsalar 'yan bindiga, ƙauyawa da yawa sun koma ga abin da ke rataye a ɗaki, adda da bindigar toka da kwari da baka, alhali maharan suna riƙe da AK-47 wadda ke samun mutum daga mita 300. Mai gudun mita biyar a sakan yana bukatar minti ɗaya cur kafin ya ƙetare wannan tazara, a gaban makamin da ke ɗaukar harsashi 30 a cika ɗaya, inda ɗan baka na da yake da kibiya biyu ko uku. A farkon Fabrairun 2023, 'yan sa kai daga ƙauyukan Bakori sun bi sawun shanun da aka sace a yankin Kandarawa har dajin 'Yargoje na ƙasar Ƙanƙara, inda aka yi musu kwanton ɓauna. Rundunar 'yan sandan jihar ta ce mutum 41 ne suka rasu.